WASAN DA KE MAI DA ƊAN KALLO MAKAƊI

A BIRNIN Tokyo da sauran manyan garuruwan ƙasar Japan akwai waɗansu gidajen wasa da matasa kan cika bayan an tashi daga makaranta ko wurin aiki. A bakin ƙofar da yawa daga cikinsu mutum zai tarar da wata na'ura mai manyan ganguna biyu, da allo irin na talbijin a samansu. Wanda ya jefa kuɗi sai ya ɗauki sanduna biyu, ya zaɓi waƙar da yake so, ya shiga kaɗawa. Sunan wannan wasa Taiko no Tatsujin, wato gwanin ganga, kuma kamfanin Namco ne ya fito da shi a shekarar 2001.

Ƙa'idar wasan ba ta da wuyar ganewa. Da zarar waƙa ta fara, sai waɗansu alamomi masu kama da ƙwallo su riƙa tahowa daga dama zuwa hagu a kan allo. In alama ja ce, a bugi tsakiyar ganga, bugun da Japanawa ke kira "don". In shuɗiya ce, a bugi bakin gangar, shi kuma suna kiransa "ka". In alamar ta zo da girma, to da hannu biyu ake bugu. Na'urar tana auna lokacin da sanda ta sauka, ta yanke hukunci nan take: ko dai bugun ya yi kyau, ko ba laifi, ko kuwa an kuskure. Tazarar da ke tsakanin bugu mai kyau da wanda aka kuskure ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Matakan wahala huɗu ne, kuma na ƙarshe sunansa Oni, wato dodo, inda alamomin ke kwararowa har idon wanda bai saba ba ya kasa rarrabe su. Waɗanda suka gwanance kan zo da nasu sandunan daga gida, masu sauƙin nauyi da tsinin kai, domin na gidan wasa sun yi musu kauri.

Ba banza ba wasan ya karɓu a can. Ganga tsohuwar aba ce a bukukuwa da wuraren ibadar Japanawa, kuma tun daga shekarar 1951, lokacin da wani makaɗi mai suna Daihachi Oguchi ya haɗa ganguna manya da ƙanana aka riƙa kaɗa su tare, kiɗan ya zama sana'ar da ake fita da ita ƙasashen waje. Har ma kamfanin ya taɓa yin wani samfurin wasan musamman domin gidajen kula da tsofaffi, don su riƙa motsa gaɓoɓinsu.

Amma ba Namco ne ya fara ba. Shekara biyu kafin nan, wato a 1999, kamfanin Konami ya fito da DrumMania, wanda aka ƙera da haɗin guiwar kamfanin Yamaha mai yin kayan kiɗa. Shi wannan ba ganga ɗaya ba ce. Jerin ganguna ne irin na makaɗan zamani, faifan roba biyar da ake bugu da sanda, da kuma feda guda da ake takawa da ƙafar dama a madadin babbar ganga. Akan haɗa na'urar da ta wani wasan gita na kamfanin, mutum biyu ko uku su yi waƙa ɗaya tare.

Daga Japan zuwa Amurka

Abin bai shiga gidajen Amurka sosai ba sai a watan Nuwamba na 2007, lokacin da kamfanin Harmonix ya fito da Rock Band. Waɗansu tsofaffin ɗaliban jami'ar MIT su biyu, Alex Rigopulos da Eran Egozy, su ne suka kafa kamfanin a 1995, da nufin wanda bai taɓa koyon kiɗa ba shi ma ya ɗanɗana daɗin yin sa. Su ne kuma suka yi Guitar Hero a 2005. A cikin kwalin Rock Band, wanda aka sayar a kan dala 170, akwai gitar roba, da makirfo, da ganguna huɗu masu launin ja da rawaya da shuɗi da kore, da feda. Mutum huɗu kan zauna a falo su zama ƙungiyar makaɗa. Kafin ƙarshen watan Maris na 2009 cinikin wasan a Arewacin Amurka ya haura dala biliyan ɗaya. Konami ya kai Harmonix ƙara a 2008 bisa zargin satar fasaha, daga baya suka sasanta a 2010.

A nan ne wata muhawara ta taso wadda har yau ba ta mutu ba. Makaɗa da yawa sun yi wa waɗannan wasanni ba'a, suna cewa yaro zai ɓata watanni yana danna maɓallan roba alhali da ya ɗauki kayan kiɗa na gaskiya da tuni ya iya. Game da gita, maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin maɓalli biyar ba su da wata dangantaka da tsirkiya shida. Wanda ya cinye Guitar Hero kaf, in aka miƙa masa gita, daga farko zai fara.

Ganga kuwa daban take. Bugu dai bugu ne, ko a kan fata ko a kan roba. Abin da ya fi wahalar da mai koyon jerin ganguna shi ne raba gaɓoɓinsa: hannun dama yana wani bugu a jere ba tsayawa, hannun hagu yana sauka a bugu na biyu da na huɗu, ƙafa kuma tana nata daban. Ɗan koyo kan ga ƙafarsa ta ƙi motsi sai tare da hannu, kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Wasan yana tilasta wa mutum ya kwance wannan igiya, kuma yana yi a hankali. A matakin farko alamomi kaɗan ne, feda ma jefi-jefi ake taka ta. A mataki na ƙarshe kuwa kusan duk bugun da makaɗin ainihi ya yi a cikin faifan waƙar sai an yi shi. Wanda ya kai nan, in ya zauna a gaban ganguna na gaskiya, hannuwansa da ƙafarsa ba baƙi ba ne.

Akwai kuma gumi. A 2008 jami'o'in Chichester da Gloucestershire na Ingila suka bayyana binciken da suka yi a kan Clem Burke, makaɗin ƙungiyar Blondie, inda aka ga bugun zuciyarsa kan kai 190 a minti guda yayin da yake wasa a dandali. Mai kaɗa roba a falo ba ya kai haka, amma duk wanda ya yi sa'a guda a matakin ƙarshe ya san aikin ƙarfi ya yi.

Abin da na'ura ba ta ji

Duk da haka, kada mai karatu ya ɗauka an sami malamin kiɗa a cikin kwali. Tambaya biyu kaɗai na'urar ke yi wa kowane bugu: a ina ya sauka, kuma yaushe. Yadda aka riƙe sanda, da yadda ta dawo bayan ta taɓa fata, da bambancin bugu mai ƙarfi da mai taushi, yawanci ba sa shiga lissafin maki. Mai kalangu yana matse tsirkiya da hammata ya sa ganga ta yi magana, ta yi kirari, ta kira sunan mutum. Irin wannan gwaninta, wadda take a cikin sauti da kunne, ba ta da gurbi a allon maki. Bugu da ƙari, a Rock Band ƙafar hagu zaman banza take yi, alhali a wurin makaɗi na gaskiya ita ce ke buɗewa da rufe farantan ƙarfe guda biyu da ke gefensa. Konami dai ya ƙara feda ta biyu a wasansa a 2010.

Babban giɓin ma bai tsaya nan ba. A cikin ƙungiyar makaɗa, mai ganga shi ne ke riƙe da lokaci, sauran suna binsa. In ya yi sauri kowa ya yi sauri, in ya ja kowa ya ja. A cikin wasa kuwa al'amarin ya juye: waƙar tana tafiya abinta, mai sanda yana binta da ido. Shi ya sa akan sami wanda ya yi fice a wasan, amma in aka kashe allo aka ce ya riƙe bugu ɗaya na minti uku, sai a ji yana gudu yana tsayawa. Ya koyi karanta alama, bai koyi sauraron abokan kiɗa ba. Masu wasan sun san da haka. Shi ya sa a cikin waƙa akan bar wani ɗan fili inda mai ganga zai buga abin da ya ga dama, a Rock Band 2 na 2008 aka sa sashen koyar da salon bugu, sa'an nan a Rock Band 3 na 2010 aka ƙara farantai uku, aka kuma ba da damar jona gangunan lantarki na gaskiya.

Wata matsala kuma daga talbijin take. Akwatunan zamani kan ɗan jinkirta hoto kafin su nuna shi, kuma ko da jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, ya isa ya sa bugun da ya yi daidai da kunne ya zama kuskure a allo. Dole mai wasa ya daidaita na'urarsa da talbijin kafin ya fara. Maƙwabta su ma suna da nasu ƙorafin, musamman a benaye, domin ƙarar sanda a kan roba da dukan feda a kan daɓe ba su da daɗin ji ga wanda waƙar ba ta iso kunnensa ba.

Kasuwar kayan roba ba ta daɗe ba. Kamfanoni sun yi ta fito da sabbin samfura a jere, ga tsadar kaya, ga karyewar tattalin arziki da ta auku a 2008, sai ciniki ya faɗi. A watan Fabrairu na 2011 kamfanin Activision ya dakatar da Guitar Hero. An sake gwadawa a 2015 da Rock Band 4, amma bai kai na da ba. Kamfanin Epic Games ya sayi Harmonix a 2021, kuma a watan Janairu na 2024 aka daina ƙara wa Rock Band 4 sabbin waƙoƙi.

A Japan kuwa ganga ba ta yi shiru ba. DrumMania ya ci gaba a ƙarƙashin sunan Gitadora tun 2013, Taiko no Tatsujin kuma ya shiga na'urar Nintendo Switch a 2018, da 'yar ƙaramar gangarsa ta gida. A Amurka da Turai masu sha'awa ne suka ɗauki nauyin abin da kansu. Sun rubuta wasanni na kyauta irin su Clone Hero da YARG domin kwamfuta, suna zama su saurari waƙa su rubuta alamominta bugu bayan bugu, su raba wa juna. Da yake an daina ƙera tsofaffin gangunan roba, da yawa daga cikinsu gangunan lantarki na Roland ko Yamaha ko Alesis suke saye su jona da kwamfuta, wato irin waɗanda makaɗa ke gwaji da su a gida.