Suna da Alama a Ƙofar Mashayun Ingila

A shekarar 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya a Ingila su kafa alama a ƙofarsu, domin masu binciken ingancin giya su gane wurin. Da yake yawancin jama'a ba su iya karatu ba, sai hoto ya maye gurbin rubutu: jan zaki, farar barewa, kan sarki. Daga hoton suna ya fito, kamar Red Lion da White Hart.

Saussure ya nuna cewa darajar alama tana cikin bambancinta da sauran alamomi. Haka nan a kasuwa: idan mashaya biyu suka rataya jan zaki a titi ɗaya, kowacce ta yi asarar sunanta.