Ɗakin Hunturu da Buhun Wake

Duk manomin da ya taɓa ajiye wake tsakanin Funtuwa da Malumfashi ya san buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi. Ba a zuba masa magani. A ɗura wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su yi ta numfashi har su cinye 'yar iskar da ta rage, sai su daina ɓarna, su mutu. Rashin iska ne ya kashe su, ba guba ba.

To, dubi abin da muke yi wa ɗakunanmu idan ɗarin Disamba da Janairu ya kankama. A manna leda a taga, a cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, a saki labule mai kauri. Buhu ya ɗauru ke nan. Sannan a shigo da wuta. A da kaskon garwashi ne, yanzu masu hali na sayen hita mai aiki da tukunyar gas, irin wadda ba ta da bututun fitar da hayaƙi. Wata ma an jera mata itacen ƙarya na tangaran, ka rantse murhu ne.

Wutar nan numfashi take yi kamar mu, kuma ta fi mu haɗama. Duk abin da ta ƙona a ɗakin yake zama. Idan iska ta wadata, tururi take fitarwa da iskar da mu ma muke fitarwa, shi ya sa za ka ga bango na gumi. Idan iska ta yi ƙaranci, sai ta koma fitar da kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuma kama jini fiye da oksijin sau sama da 200. Alamunta ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya da kasala. Abin takaici, mu nan da an ji haka sai a ce maleriya ce, a sha magani, a ƙara jan bargo. Idan mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai tare, ya kuma lafa da suka fita tsakar gida, a tuhumi wutar, a nufi asibiti.

Hita ta ƙwarai tana da ɗan ma'auni kusa da ƙaramar wutar kunnawa, mai yanke gas idan oksijin ya sauko daga kashi 21 cikin 100 zuwa wajen 18. Wadda ba ta da shi, kada a saya, kome arharta. Ƙurar hunturu kan toshe wannan wuri, hita ta riƙa mutuwa da kanta, wani mai gyara kuma ya ce bari ya buɗa ramin ko ya cire abin gaba ɗaya. Kada a yarda. A hure ƙurar kawai. Ma'aunin ma oksijin yake lura da shi, bai san gubar ba, don haka na'urar ƙararrawa ta kabon monoksaid mai batir tana da nata aikin. Jihar Kalifoniya ta Amurka ba ta ma yarda da hitar gas marar bututun hayaƙi a gidajen zama ba.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. Wanda ya san aikin gas ya haɗa ta, a shafa kumfar sabulu a tiyo da mahaɗa, inda kumfar ta taso, nan ke yoyo. Ashana ba abin gwaji ba ce. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke barci a tabarma. A nisanta hitar da labule, katifa da gidan sauro aƙalla mita 1, kada kuma a shanya mata wanki.

Manomi ya san cewa da ɓera ya huda ledar buhun nan, ko ƙaramin rami ne, ƙwari sun tsira. A buhu wannan asara ce, a ɗaki kuwa ramin muke nema. A bar taga a buɗe kamar faɗin yatsu biyu muddin wuta na ci, ko da tsofaffi za su yi mita. A ɗumama ɗaki bayan isha'i, kafin a kwanta a kashe hitar, a rufe gas tun daga kan tukunya. Kaskon garwashi shi ma waje zai kwana.