Daga Cikin Jirgi Zuwa Cikin Ɗaki: Labarin Sarkawa da Ruwan Kainji

Mu da muke zaune a Kano, kifi a faranti muka san shi, ko banda a kwando. Rafin Jakara da ya ratsa cikin ganuwa, ta gefen Kasuwar Kurmi, bai taɓa ɗaukar jirgin fito ba. Saboda haka da wuya mutumin birni ya yarda cewa akwai Hausawa 'yan'uwansa waɗanda a cikin jirgi aka goye su, a ciki suka koyi rarrafe.

Waɗannan su ne Sarkawa, masuntan ƙasar Kabi da Yawuri. Masana tarihi suna danganta asalinsu da Sorko na daular Songhai, amma tun da daɗewa suka zama Hausawa a baki da al'ada. Kafin a datse kogin Kwara, maigida yakan ɗauki matarsa da 'ya'yansa, da taru da mamari da tukwane, su gangara kudu, wasu har Lakwaja, wasu su wuce Anacha, wasu su juya su hau Binuwai. A tsakiyar jirgin akwai rumfar tabarma, nan ne ɗakin kwana. Murhu kuwa a kan yashi ake girka shi, don kada wuta ta ci katako. In sun sami tudun rairayi mai kifi sai su kafa bukka, su yi banda, su sayar, su ƙara gaba.

Gangarawa ba ta da wuya, ruwa ne ke aikin. Komowa ita ce jidali, domin da gwangwala da filafili ake tura jirgi gaba da ruwa. Ga kuma duwatsun Busa, inda Bature Mungo Park ya hallaka a 1806. Kwara kuma sau biyu take kawo ruwa a wannan yanki: farin ruwa na daminarmu, sannan baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, wanda ba ya isowa sai cikin hunturu. Basarke da wannan lissafi yake tsara shekararsa.

To, a 1964 aka fara gina madatsar Kainji, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru ya fi kilomita 130 a tsawo. Ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai masu yawa, inda Gungawa suke noman albasa da jigo. Mutum wajen 44,000 aka tayar.

Gwamnati ba ta bar su a fili ba, wannan kam a faɗa. An gina New Bussa da sababbin ƙauyuka fiye da ɗari, bisa zanen wani Bature mai suna Robin Atkinson: bango na bulon siminti, rufi na asbesto. A takarda abin ya yi kyau. Amma wanda ya saba da iskar kogi, ka sa shi cikin ɗakin siminti a watan Afrilu, ai sai ya fito da tabarmarsa waje. Kuma gidan Bahaushe girma yake yi: ɗa ya yi aure a ƙara ɗaki, an yi girbi a ƙara rumbu. Da yumɓu mutum da kansa zai yi wannan. Da bulo sai kuɗi da magini. Shi ya sa ba a jima ba ɗakunan laka da jinka suka tsiro a gefen na gwamnati.

A ganinmu babban canjin ba a bango yake ba. Mai jirgi ba ya roƙon kowa wurin kwana, amma ran da ya sauka tudu sai ya nemi fili da gona a hannun mai ƙasa, ya zama baƙo a bakin ruwan da kakanninsa suka sha ratsawa. Ribar kuwa ga mata da yara ta fi fitowa: haihuwa kusa da asibiti, yaro a aji ɗaya shekara guda cur. Hukumar ilmin makiyaya da aka kafa a 1989 daga baya ta haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura, don waɗanda ba su zauna ba.

Mu ma a Kano mun ɗanɗana irin wannan, sa'ad da aka gama madatsar Tiga a 1974 aka tashi ƙauyuka. Kuma zama a gida bai raba mutane da jirgi ba, domin tafki ya shiga tsakaninsu da kasuwa da dangi. A Kainji kututturan itatuwan da ruwa ya rufe suna nan a ƙasa suna jiran jirgin da aka cika wa kaya. A watan Mayu na 2021 jirgi ya kife kusa da Wara ta Jihar Kebbi, mutane da yawa suka rasu. A ƙarshen Nuwamban shekarar kuma wani ya nutse a ruwan Watari, a Bagwai ta nan Jihar Kano, kuma yawancin waɗanda aka tsamo yara ne.