Waliyyi Vincent de Paul da Darasin Tsara Taimakon Mabuƙata

Mutanen ƙasar Sakkwato ba a san su da rowa ba. A Boɗinga ko Shagari, idan magidanci ya kwanta ciwo, kafin rana ta faɗi maƙwabta sun kai fura da tuwo, 'yan dubiya sun cika zaure. Wahalar takan zo ne bayan mako biyu, lokacin da ƙafa ta ɗauke alhali ciwon yana nan. Wani limamin cocin Katolika a Faransa ya lura da irin wannan giɓi fiye da shekaru 400 da suka wuce, kuma maganin da ya kawo ya dace mu sani.

Sunansa Vincent de Paul. An haife shi a 1581 a ƙauyen Pouy, ɗan manoma ne da ya yi kiwo tun yana yaro, aka naɗa shi limamin coci a 1600. A watan Agusta na 1617, yana aiki a garin Châtillon, aka gaya masa akwai wani gida a bayan gari da ciwo ya kwantar da kowa, babu mai ba wani ruwa. Ya faɗa a cikin wa'azinsa. Da yamma ya kama hanyar gidan, sai ya tarar jama'a na ta kai da kawo da abinci. Ya ji daɗi, amma ya hango cewa abincin da ya yi yawa yau zai lalace, jibi kuma gidan ya koma cikin yunwa.

Sai ya tara matan garin suka kafa ƙungiya mai ƙa'ida a rubuce. Kowace mace tana da ranarta: ita za ta dafa, ta kai wa majinyata, ta ba su da hannunta. Ƙa'idar ta ce ta fara da masu 'yan jinya, ta ƙare da wanda ba shi da kowa, don ta daɗe a wurinsa. Tsarin ya bazu zuwa garuruwa da dama. A 1633, shi da Louise de Marillac suka kafa ƙungiyar mata masu hidima, galibi 'yan ƙauye, waɗanda suke shiga unguwanni da asibitoci maimakon zama a gidan ibada. Suka riƙa renon jariran da ake yasarwa a Paris, shi kuma ya tara gudunmawa ga yankin Lorraine da yaƙi ya ɗaiɗaita. Ya rasu ranar 27 ga Satumba, 1660, Fafaroma ya ayyana shi waliyyi a 1737. Ƙungiyar da Frédéric Ozanam da abokansa suka kafa da sunansa a 1833 tana aiki har yau a coci-cocin Katolika na Najeriya.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, kowane rukuni da jajinsa, wato shugabarsa, don ilimi ya isa matan karkara. Zakka ma tana da nisabi da lokaci da jerin waɗanda suka cancanta, kuma Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsari a matakin unguwa, inda aka san wace gwauruwa ce ke kwana ba ta ɗora tukunya ba.

Don haka kira ga masu unguwanni, limamai da ƙungiyoyin mata da matasa na Boɗinga da Shagari: a rubuta sunayen majinyata, marayu da tsofaffin da ba su da mai kula. A raba kwanaki tsakanin gidajen da ke da hali. A ajiye wani kaso na hatsin kaka da sadakar azumi saboda tsakiyar damina, lokacin da rumbu kan ƙare, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi yawa. Kowace unguwa za ta iya fara wannan a makon nan da littafi ɗaya da amintattun mutane kaɗan.