Wida: garin da hanyar bayi ta ƙare a bakin teku

Da wuya a samu ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram da bai san Kwatano ba. Shekara da shekaru ta tashar jiragen ruwanta hajjar Nijar ta riƙa shigowa, kamiyo bayan kamiyo, ta Malanbil da Gaya, kafin a rufe iyaka a 2023. Sai dai yawancin fatake iyakarsu tasha da duwan da kasuwar Dantokpa da masaukin Zango. Kaɗan ne suka taɓa ƙara kilomita kamar 40 zuwa yamma, su ga Wida, garin da Faransawa ke rubutawa Ouidah.

Asalin garin na ƙabilar Huweda ne, masu babban birni a Sabi. A 1727 Agaja, sarkin Dahome, ya ci su da yaƙi, don ya samu ƙofar teku ya yi ciniki da Turawa ba dillali a tsakani. Abin cinikin kuwa mutane ne. Faransawa da Ingilishi da Turawan Fotugal kowa ya gina ganuwarsa a garin. Ta Fotugal, wadda aka gina a 1721, ita ce ta yi saura. Wani abin mamaki, tutar Fotugal ba ta sauka daga kanta ba sai a 1961, shekara guda bayan Dahome ta samu ƴancin kai, kuma ma'aikatanta sai da suka cinna mata wuta kafin su fita. Daga baya aka gyara ta, aka mai da ita gidan tarihi.

Daga tsakiyar gari zuwa gaɓar teku akwai hanya mai tsawon kilomita kamar 4, ana kiran ta Hanyar Bayi. Tana farawa daga dandalin Shasha, laƙabin Francisco Félix de Souza, attajirin Birazil da ya taimaki Gezo ya hau gadon Dahome, ya zama babban dillalin bayi har rasuwarsa a 1849. Gaba kaɗan akwai gurbin Itacen Mantuwa. Mutanen garin na cewa namiji kan kewaya shi sau 9, mace sau 7, wai don su manta sunansu da garinsu. Daga nan sai wurin da ake tsare su cikin duhu har jirgi ya iso, sai ramin da ake zuba waɗanda suka mutu kafin tafiya. A ƙarshen hanya, bisa rairayi, Ƙofar Ba Komowa ke tsaye, wadda aka gina a 1995 da taimakon UNESCO.

Wannan tarihi ya shafi ƙasar Hausa. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa Hausawa da dama cikin bauta, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har gaɓar teku, aka haye da su Bahiya ta ƙasar Birazil. A can Hausawa suka shirya tawayen 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka yi bore a birnin Salbado a 1835. Bayan boren an koro wasu ƴantattun bayi zuwa Afirka. Su da jikokin fataken Birazil ake kira Aguda, kuma gidajensu masu fasalin Birazil na nan a Wida. Daga wannan gari ne jirgin Clotilda ya ɗauki bayi a 1860 zuwa Alabama, na ƙarshe da aka sani ya kai su Amurka.

Wida kuma cibiyar addinin gargajiya ce na Bodun, wanda ake yi wa babban buki kowace shekara a watan Janairu. A tsakiyar gari akwai ɗakin mesa, inda macizan ke kwance ba mai taɓa lafiyarsu, don mutanen Huweda na girmama su tun kaka da kakanni. Daura da shi majami'ar Katolika ce da aka gama a 1909. Akwai kuma kurmin Kpase, inda wani tsohon itacen loko yake, wanda ake cewa sarkin da ya kafa garin ne ya rikiɗa ya zama shi.

Tsakanin gari da teku akwai tafki mai ruwan zartsi da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwa. A ƙauyen Jegbaji mata ke kankare ƙasa mai gishiri, su tace, su dafa har gishiri ya fito, aikin da mutumin Dallol Foga zai gane nan take. Bakin teku kuwa kwakwa ce jere da kwale-kwalen masunta. Ruwan yana da kyau ga ido, amma igiyarsa na da ja ƙwarai, baƙo ya tsaya a rairayi ya fi masa.

Wuni guda ya ishi mai ziyara ya ga duk wannan. Hanyar Bayi kuwa da ƙafa ya kamata a bi ta, da sassafe kafin rana ta yi zafi, yadda waɗanda aka kora a kanta suka taka ta.