Viktoras Ruokis da Ilmin Ƙasar Noma a Lituwaniya

An haifi Viktoras Ruokis a cikin shekara ta 1885, zamanin da ƙasar Lituwaniya take ƙarƙashin Sarkin Rasha. A lokacin nan kuwa hukuma ta hana buga littattafai cikin harshen mutanen ƙasar da haruffan boko, tun daga 1864, ba a ɗage dokar ba sai 1904. Wato ke nan ya tashi harshen iyayensa ba shi da wurin zama a manyan makarantu.

Da ƙasar ta sami mulkin kai cikin 1918, sai ya shugabanci makarantar noma da gandun daji da aka buɗe a Dotnuva cikin 1919. A nan aka kafa Babbar Makarantar Noma cikin 1924, ya zama ɗaya daga cikin malamanta. Wurin ya dace, gama tsakiyar ƙasar ta fi albarka, kudu maso gabas kuwa yawanci rairayi ne.

Babban aikinsa shi ne rubuta littattafan koyar da kimiyyar haɗa sinadarai da ilmin ƙasar noma cikin harshen Lituwaniya. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin manomi yana da sunan laka da rairayi, amma abin da ke sa ƙasa ta yi tsami sai an nema masa suna tukuna.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka mai da makarantar birnin Kaunas. Ya rasu cikin 1971.