Kafin ka sayi fom: Abin da ya kamata ɗan Lakwaya ya bincika a kwalejin gwamnati

Da zarar sakamakon JAMB ya fito, hira a majalisun matasan Lakwaya takan koma kan tambaya ɗaya: ina za a nufa? Wanda makinsa bai kai na jami'a ba, ko aljihun gida ba zai ɗauki zaman birni ba, idonsa kan faɗa kan Makarantar Nazarin Muhalli ta Gwarzo, reshen Kano Poly. Ga ta kusa da gida, ga sauƙin kuɗi, tuwon dare ma a gaban Inna za a ci. Amma kafin Baba ya sayar da buhun masara ya biya maka rajista, akwai abin dubawa.

Na farko, kwas ɗin da kake so ya samu amincewar NBTE? Wannan hukuma mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tantance kwasa-kwasan difloma, kuma ɗaya bayan ɗaya take yi. Makaranta na iya yin suna, amma wani kwas a cikinta bai samu amincewa ba. In kwalejin ilimi kake hari, kamar ta tarayya da ke Bichi, hukumar NCCE ce ke da wannan aiki. Duba jerinsu a intanet da wayarka, kar ka tsaya ga "an ce".

Na biyu, ta ina adimishan ɗin ya fito? In ba ta manhajar CAPS ta JAMB ya biyo ba, akwai matsala, ko da wani "mai hanya" ya rantse maka. Sai ka yi shekara 2 a ND, shekara 1 a aikin koyon sana'a, wasu 2 a HND, sannan a ce sunanka ba ya cikin masu tafiya bautar ƙasa. Karatun wucin gadi, irin na yamma ko ƙarshen mako, shi ma ba ya kai mutum NYSC.

Sai kuma zuwa da ƙafa, domin gani ya kori ji. Hoton ƙofar makaranta a Facebook ba zai gaya maka ko akwai kayan aiki a ɗakin zane ba. Je ranar Talata ko Laraba da safe, ka leƙa azuzuwa. Tari ɗan aji biyu ka tambaye shi: malamai na shiga aji? Sakamako na fitowa kan lokaci? Ke kuma 'yar'uwa, ki duba wurin kwana, ruwa da tsaro, ki kuma lissafa kuɗin mota na kullum in daga gida za ki riƙa zuwa.

A ƙarshe, tambayi ofishin ɗalibai yadda ake neman bashin karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024. Rubuta amsoshin duka a takarda, ka kai wa iyayenka ku zauna a kai. Bayan nan sai a sayi fom.